Rayuwata a gundumar Howard, tsakanin Baltimore da Washington

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Zariya ce amma yanzu a Amurka nake, a jihar Maryland, a wata gunduma da ake ce wa Howard, ni da maigidana da yaranmu uku. Na daɗe ina son in rubuta yadda wajen nan yake da yadda aka yi muka tsinci kanmu a cikinsa, saboda akwai masu shirin tahowa da suke tambayata ta waya, kuma magana a waya ba ta isa, kafin ka gama bayani kati ya ƙare ko layi ya yanke.

Gunduma a nan kamar ƙaramar hukuma ce sai dai tana da ƙarfi sosai, makarantun gwamnati da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da laburare duk a matakinta ake tafiyar da su. Ita Howard ta faɗo ne tsakanin manyan birane biyu, Baltimore daga arewa maso gabas, Washington daga kudu, kamar dai yadda Zariya take tsakanin Kano da Kaduna, sai dai nan tafiyar ba ta kai haka nisa ba. Daga gidanmu in ba cunkoso cikin rabin awa na shiga Baltimore, Washington kuma wajen minti arba'in da wani abu, amma da safe lokacin fita aiki sai ka ninka. A ƙidayar 2020 mutanen gundumar sun kai 332,317, kuma tana cikin gundumomin da suka fi kuɗi a duk faɗin Amurka, gida na tsaka-tsaki yana samun sama da dala 120,000 a shekara. Mu dai ba mu kai nan ba, ko kusa, kuma labarin da nake son bayarwa kenan, yadda mai ƙaramin ƙarfi yake zama a tsakiyar masu hali.

Mun shigo ƙasar nan a 2012 ta bizar nan ta ƙuri'a, lokacin 'yan Najeriya suna iya cikewa. A Baltimore muka fara sauka wajen wani abokin Abban yara da suka yi makaranta tare, ya ba mu ɗaki ɗaya a ƙasan gidansa, Allah ya saka masa da alheri shi da matarsa, har muka samu namu hayar. Abban yara ya samu aiki a Jessup, a babbar kasuwar sarin kayan gwari da kifi da ke can, yana tuƙa motar da ke raba kaya zuwa gidajen abinci da shaguna. Aikin dare ne, ƙarfe biyu na dare yake fita. Ni kuma ina gida da yara biyu lokacin, ba mota ba Turanci mai ƙwari, sanyi ga shi nan kamar zai tsaga ƙashi. Na yi kuka a shekarun nan ba kaɗan ba, in na kira Innarmu sai in share hawaye in ce mata lafiya lau muke.

Wata baiwar Allah ce ta buɗe min ido, Bahaushiya ce 'yar zangon Kumasi da muka haɗu a wajen suna, ta girme ni sosai don haka Anti nake ce mata. Da ta ji babbar 'yata ta shiga makaranta amma karatun ba ya tafiya sai ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, a ƙasar nan adireshin gidanki shi ke zaɓar wa yaro makaranta. Ko ɗaki biyu ne ku nema a Howard, ku matse, yaran nan za su ci moriya." Na dawo gida na faɗa wa Abban yara, ya yi shiru ya ɗauko biro da takarda yana lissafi, ya ce kin san hayar can kuwa? Na ce na sani. Ya ce to sai dai ke ma ki fara aiki. A 2015 muka tare a Columbia, a wani gidan haya mai ɗaki biyu a hawa na biyu, kuma har yau a unguwar muke.

Columbia shi ne gari mafi girma a gundumar, mutanensa sun haura 100,000, kuma ba irin garin da ya tashi da kansa ba ne, zama aka yi aka zana shi a takarda kafin a aza tubali ko ɗaya. Wani attajiri mai harkar gine-gine, James Rouse, shi ya bi gonaki yana saye a ɓoye a farkon shekarun 1960 har ya haɗa eka wajen 14,000, a 1967 aka buɗe garin. Ya raba shi ƙauyuka goma, akwai Wilde Lake wanda shi ne na farko, da Oakland Mills da Long Reach da Owen Brown da Harper's Choice da sauransu har zuwa River Hill wanda ya zo daga ƙarshe kuma nan ne masu kuɗin gaske suke. Kowane ƙauye da 'yar cibiyarsa ta shaguna, da makarantunsa da wajen ninƙaya. Akwai tafkuna da aka haƙa da hannu, babban cikinsu a idon mutane shi ne Kittamaqundi da ke tsakiyar gari, sannan ga siraran hanyoyi na ƙafa da suka ratsa cikin bishiyoyi ta bayan gidaje, yaro zai tashi daga gida ya je makaranta a ƙafa ba tare da ya sha fama da manyan tituna ba. Farkon zuwana na sha ɓata don ba a kafa manyan alluna a bakin titi, gidan mai ma sai ya ɓuya a bayan bishiyoyi, kana wucewa ba ka san yana nan ba. Hatta akwatin wasiƙa a yawancin unguwanni ba a ƙofar kowa yake ba, an tara su ne waje ɗaya a bakin layi don dole maƙwabci ya haɗu da maƙwabci.

Duk wannan tarihin ba a littafi na fara jinsa ba, a bakin wata tsohuwa na ji. Bayan mun tare na shiga kwas na kula da marasa lafiya a kwalejin gundumar, na samu takarda na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanka da abinci da ba da magani a kan lokaci da zama a yi hira. Cikin waɗanda na yi wa aiki akwai wata baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, ta haura tamanin, Mama nake ce mata kuma tana jin daɗin hakan. Kullum bayan wanka sai ta zauna a kujerarta kusa da taga in shafa mata mai a ƙafa, ƙafafun sun kumbura fatar ta yi sheƙi, in bi tsakanin yatsun a hankali don ciwon suga gare ta, daga nan in taje mata furfurarta in yi mata kitso guda huɗu manya, a nan ne take sakin baki. Ta ce ita da mijinta suna da aiki suna da kuɗinsu a hannu amma sun yi ta yawon neman gida a wajen Baltimore, da zarar an ga fuskarsu sai a ce ai an riga an sayar. Da aka buɗe Columbia suka ji ana cewa mai garin ya ce baƙi da fari kowa ya zo ya saya, ba su yarda ba sai da suka zo da ƙafarsu aka nuna masu gida aka ba su takarda suka sa hannu. Ta ce ranar a mota ta zauna ta yi ta kuka mijin yana ba ta haƙuri. Ta kuma faɗa min kada in ɗauka wajen haka yake tun asali, ƙasar gonaki ce da aka yi bauta a cikinta, babban gidan gonar iyalan Carroll, waɗanda suka mallaki bayi a da, yana nan har yanzu a kusa da Ellicott City, kuma makarantar sakandaren baƙaƙe zalla mai sunan Harriet Tubman sai 1965 aka rufe ta aka haɗa yara waje ɗaya. Ranar da aka zaɓi Calvin Ball a 2018, baƙar fata na farko da ya shugabanci gundumar, da sassafe ta sa na kunna mata talabijin tana ta kaɗa kai. Ta rasu daga baya, kuma wallahi na ji mutuwarta kamar ta jinina. Duk sanda na wuce layinsu sai na rage gudu.

Mutane suna tambaya wai ina ake samun kuɗin nan haka tun da ba mai ba ma'adinai. Aikin gwamnati ne da ilimi. Da asuba za ka ga motoci sun yi layi a kan babbar hanyar 95 da ta 29, wasu sun nufi ma'aikatun gwamnatin tarayya a Washington wasu manyan asibitoci da jami'o'in Baltimore. Ga barikin Fort Meade a gundumar da ke maƙwabtaka da mu inda hukumar leƙen asiri ta NSA take, kamfanonin kwamfuta da tsaron intanet sun cika gefenmu saboda ita. A cikin gundumar kanta kusa da Laurel akwai babbar cibiyar binciken kimiyya ta jami'ar Johns Hopkins, su ne suka ƙera kumbon da aka harba ya je ya daki wani dutse a sararin samaniya a 2022, ɗana ya dawo daga makaranta yana ta ba ni labari wai baban wani ɗan ajinsu a can yake aiki. Sama da mutum shida cikin goma na manyan gundumar suna da digiri. In miji da mata duk injiniyoyi ne ko likitoci to kun ga inda lissafin ya dosa, su biya haraji mai yawa, harajin ya tafi makarantu, makarantu su yi suna, masu kuɗi su ƙara tahowa, gidaje su ƙara tsada.

To a nan ne mu muke shan wuya. Gida na saye yanzu in bai kai dala 500,000 ba to ƙarami ne ko tsoho, mu kuma hayarmu ta kusa dala 2,000 a wata kuma duk shekara sai an ƙara, ban da wuta da inshorar mota da ta lafiya. Yara uku a ɗaki ɗaya suka taso, da babbar ta zama budurwa sai muka raba falo da labule muka sa wa namijin katifa. Mota kuwa dole ce, akwai bas amma in ta wuce ka sai ka daɗe kana jiran wata, kuma gidajen da nake aiki wasu suna can yammacin gundumar wajen Clarksville da Glenelg inda da wuya ka samu bas, gidaje ne manya a tsakiyar fili da dawakai a bayansu. Na sha fita da duhun asuba a watan Janairu in tsaya ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota yatsuna sun mutu, in hau hanya ina addu'a kada barewa ta faɗo min, don barewa sun yi yawa a nan kuma suna haddasa haɗari sosai. Sau da yawa ina fita Abban yara bai dawo ba, in na dawo yana barci, sai mu yi kwanaki maganarmu a waya ce kawai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, na yarda, amma gudun nan akwai gajiya.

Kuma akwai abin da ke ci min rai wanda ba na kuɗi ba ne kai tsaye. Yaro yana aji ɗaya da yaran da ake kai su Turai hutu, ana ɗaukar masu malamin lissafi na musamman a gida, yana shekara sha shida a saya masa mota. Wata rana 'yata ta ce Umma kada ki zo ɗaukata da kayan aiki a jikinki. Ban yi mata faɗa ba, na shiga ɗaki na zauna. Daga baya ita da kanta ta zo ta rungume ni. A 2019 da hukumar makarantu ta tashi sake shata iyakokin makarantu don a rage cunkoso a kuma gauraya yaran masu hali da na marasa hali, an yi rigima ba ƙarama ba, iyaye suka yi ta zanga-zanga da kwalaye, ƙarshe dai aka canza wa yara sama da 5,000 makaranta. Wasu iyayen damuwarsu ta gaskiya ce, nisan hanya da raba yaro da abokansa, na fahimce su. Amma wasu maganganun da na ji ana yi kan yaran gidajen haya, yarana ake nufi, kuma na ji zafinsu har raina. Garin da aka gina don kowa da kowa har yanzu da sauran aiki a gabansa.

Duk da haka in za a mayar da ni 2015 zan sake tahowa. 'Yar da ta zo ba ta iya haɗa jimla ba, makaranta ta ba ta malama ta musamman mai koyar da Turanci ga yaran baƙi kyauta, cikin ɗan lokaci ta kamo 'yan ajinsu har ta wuce wasu. Laburaren gundumar nan ni ban taɓa ganin irinsa ba, yara su ari littafi iya son ransu, ga kwamfuta ga masu taimaka masu da aikin gida, ni kaina a can na gyara Turancina a ajin manya na yamma. Ranar Asabar in ba ni da aiki can muke yini, ba ko sisi.

Ta fannin addini ma Alhamdulillah. Tsarin da Rouse ya yi tun farko shi ne a gina cibiyoyin ibada na haɗaka inda addinai daban-daban za su riƙa amfani da gini ɗaya kowa da lokacinsa, kuma har yanzu suna nan. Mu Musulmi muna da masallacinmu, Dar Al-Taqwa, a kan hanyar 108, ranar Juma'a za ka ga 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Somaliya da baƙaƙen Amurka da mu 'yan Afirka ta Yamma sahu ɗaya. A 2016 hukumar makarantu ta amince a ba yara hutu ranar Babbar Sallah, tare da bikin Diwali na Indiyawa da sabuwar shekarar mutanen Sin da Koriya, ba ku ga murnar da muka yi ba, don kafin nan sai dai ka rubuta takarda ka cire yaro daga aji ya rasa darasi. Hausawa dai ba mu da yawa, a warwatse muke tsakanin nan da Baltimore da Silver Spring, sai suna ko biki ko rasuwa ke haɗa mu, ranar kuwa za a ci tuwo da miyar kuka da masa har a yi guzuri. Cefane kuma hanyar 40 nake zuwa a Ellicott City inda 'yan Koriya suka cika da shaguna har jiha ta sa wa wani yanki na titin suna Korean Way, a can nake samun kuɓewa ɗanya da attaruhu da doya da kifi mai kyau. Kuka da daddawa da yaji sai dai in wani zai taho daga gida a roƙe shi.

Ellicott City ita ce hedikwatar gundumar kuma tsohon gari ne, wasu 'yan uwa uku masu injin niƙa suka kafa shi a 1772 a bakin kogin Patapsco. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke ƙasan garin ita ce mafi tsufa da ta rage a Amurka, layin da ya taso daga Baltimore ya iso nan a 1830 kuma da farko dawakai ke jan taragon, yanzu gidan tarihi ce, na kai yara sun gani. Babban titin garin siriri ne ya gangaro tsakanin duwatsu da gine-ginen dutse a gefe da gefe, gwanin kyau, amma kyan nan da haɗarinsa, don ƙananan rafuka ne suka haɗu a ƙarƙashin garin kafin su faɗa kogi. Daren 30 ga Yulin 2016 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin awa biyu, titin ya koma kogi yana jan motoci, mutum biyu suka rasu. Mutane suka yi ta gyara suka sake buɗe shaguna, ba a cika shekara biyu ba ranar 27 ga Mayun 2018 ruwan ya sake dawowa, ya tafi da wani soja da ya je taimakon wata mata. Wannan na biyun cikin azumi ne, ina gida ina haɗa kayan buɗa baki wayoyinmu suka ɗauki ƙarar gargaɗi, Abban yara ya ce ba inda za a fita. Akwai wata da na sani mai aiki a wani gidan abinci a titin, ta tsira da ranta ta hawa bene amma motarta ta tafi kuma aikin ma ya tafi, wata da watanni muna haɗa mata abin da ya samu. Mutanen garin da yawa suna cewa gine-gine da kwalta da aka yi ta shimfiɗawa a saman tudu sun hana ƙasa shan ruwa, duk sai ya gangaro masu. Yanzu an rushe wasu gine-gine a ƙasan titin, an haƙa manyan tafkunan tare ruwa a sama, ana kuma haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa da zai karkatar da ruwan zuwa kogi.

Yanzu babbar 'yata tana karatun aikin jinya, namijin yana sakandare kuma ya dage shi injiniya zai zama, ƙaramar da aka haifa a nan tana jin Hausa amma da Turanci take mayar min, wannan yana damuna kuma na sa dokar ba Turanci a kan tabarmar cin abinci. Abban yara bayansa ya fara ciwo saboda ɗaga kaya, yana neman ya koma aikin rana. Gundumar tana da wani shiri da ke sa masu gina sabbin unguwanni su ware wasu gidaje a sayar wa masu matsakaicin ƙarfi a farashi mai sauƙi, mun cike takardu mun kai, masu nema suna da yawa kuma gidajen kaɗan ne, ga shi takardar sabunta haya ta iso da wani ƙarin. Muna jira, ku sa mu a addu'a.